Ginin Gwanaye Yana Zubewa, Mu Farka!

Ƴan'uwa maza da mata, jama'ar Magariya da Dungas,

Ran 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. A watan Agusta 2023 kuwa, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata, aka yi hasarar rayuka. Shi wannan aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya ɗaure rufi da bakan gizo na azara da laka, ba siminti, ba ƙarfe.

To, laifin ruwa ne kaɗai? Kakanninmu ma sun san damina. Kowane rani sukan sake yaɓe, su gyara indararo, su shafe soro da makuba. Mu ne muka sake.

Saboda haka muna kira ga sarakunanmu da magadan gari: a ƙidaya tsofaffin soraye da gidajen magina da maƙera na ƙasarmu, a yi gayyar yaɓe kafin ruwan fari, a kai yara su koyi sana'a wurin gwanaye. In gida ya faɗi, hikimar mai shi ta bi shi.

Allah ya taimake mu, amin.