Amana Ko Rufa-Rufa? Jawabi Ga Taron Tsofaffin Ɗalibai



Maganata a yau a kan amana ce tsakanin abokai, da kuma wanda ake ɗora wa laifi in ta ɓaci.

Yaranmu suna kallon wasannin kwaikwayo na Amurka a talabijin, inda ake nuna sababbin ɗalibai masu neman shiga ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na jami'a. Manya su wahalar da su, su sa su rantse ba za su tona asiri ba. Ranar da ɓarna ta auku kuwa, sai a nemo mafi ƙanƙanta a ɗora masa. Kada mu ɗauka tatsuniya ce. A watan Fabrairun 2017, a Jami'ar Jihar Fensilbeniya, an ɗura wa wani saurayi ɗan shekara 19, Timothy Piazza, giya a daren shigarsa irin wannan ƙungiya. Ya faɗo daga matakala, amma sai da aka yi kusan awa 12 kafin wani ya nemi agaji. Yaron ya rasu. Kowa a gidan yana tsare sirrin ƙungiya, babu mai tsare ransa.

A nan gida ma, ƙungiyar da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Kwalejin Jami'ar Ibadan a 1952 ba don ta'asa aka kafa ta ba. Amma waɗanda suka kwaikwaye ta daga baya sun rikiɗe sun zama ƙungiyoyin asiri, har aka kashe ɗalibai 5 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ranar 10 ga Yulin 1999.

Wani zai ce ina ruwan Bagudo da wannan? To, 'yan'uwa, namu gwajin a bakin iyaka yake. Daga Tsamiya zuwa Segbana ta ƙasar Benin ba nisa, kuma Illo da Lolo sun daɗe da sanin fatauci. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sannan a watan Nuwamba ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, bukatar kaya ba ta ragu ba, sai dai hanya ta koma daji. Wa ake ɗora wa jarkoki da buhunan shinkafa a babur cikin dare? Samari, wasunsu ko sakandare ba su gama ba. Sharaɗin farko shi ne, in an kama ka, ba ka san kowa ba. Yaro ya yi shiru don kada a ce masa maci amana. Mai kaya kuwa yana gidansa yana barci, gobe ya nemi wani yaron. Ita ce dai ƙungiyar talabijin, suna kawai aka canza.

Malamanmu kuma sun san inda ake fara koyon abin. A ɗakin kwana, babban ɗalibi ya aiki ƙarami ya tsallake shinge, in an kama shi ya sha bulala shi kaɗai, kuma kowa ya yaba masa don bai faɗi suna ba.

Ba na cewa mu koya wa yara gulma da tsegumi. Rufin asiri halin kirki ne. Amma amana ta gaskiya tana da alama biyu. Ta farko, ɓangare biyu take ɗaurewa: wanda ya ce ka rufa masa asiri, dole ya tsaya tare da kai ranar wuya. Ta biyu, ba ta fi rai ba. Duk shirun da zai bar mutum ya halaka rufa-rufa ne, ba amana ba. Laifi kuwa, wanda ya aika ya fi wanda aka aika ɗaukar nauyinsa.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ƙungiyarmu ta riƙa tura wakilai kowane zango su zauna da ɗaliban ajin ƙarshe su yi musu wannan bayani. Hukumar makaranta, in an kama ƙaramin ɗalibi, ta binciki wanda ya tura shi kafin ta yanke hukunci. Sannan masu shago da gareji da gonaki a cikinmu, kowa ya ɗauki yaro ko da ɗaya ne ya koya masa sana'a lokacin hutu, domin wanda yake da abin yi ba a sayensa da kuɗin mai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.