Ƙari a Ƙwaƙwalwa da Damuwar Zuciya a Lokacin Annoba

Yau za mu yi magana a kan waɗansu marasa lafiya da ba a cika jin kukansu ba, watau masu fama da ƙari a cikin ƙwaƙwalwa, da irin damuwar da takan same su in annoba ta shigo gari.

Da fari, mene ne ƙari? Ƙari wani tsiro ne da ke fitowa inda bai kamata ba. Na cikin kai iri iri ne, sun fi ɗari. Waɗansu ciwon daji ne, suna girma da sauri. Waɗansu kuwa, kamar mafi yawan waɗanda ke fitowa a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, a hankali suke girma, sau da yawa likita yakan cire su mutum ya koma sana'arsa. Amma ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗawa. Saboda haka ko ƙaramin ƙari in ya girma sai ya danne ƙwaƙwalwa, ya jawo ciwon kai, da amai, da farfaɗiya, da raunin gani, ko mutuwar hannu da ƙafa.

To, ku tuna da shekarar 2020. Ran 27 ga Fabrairu aka sami mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a Legas. Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya. A watan Afrilu aka kulle Kano, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, azumi ya zo ya tarar da masallatai a rufe. Daga baya Hukumar ta ba da labari cewa a shekarar farko ta annobar masu fargaba da masu ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. In masu lafiya sun ji jiki haka, ina ga wanda likita ya riga ya gaya masa akwai ƙari a kansa?

Bari mu ɗauki misali. A ce wani tela ne a ƙauye, an ɗauki hoton kansa an ga ƙari, an sa masa ranar aiki a babban asibiti. Likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa kaɗan ne, sai a manyan garuruwa kamar Kano, da Zariya, da Sakkwato. Ana nan sai aka rufe hanya, aka ɗaga ranar aikin. Ga shi kwance a ɗaki, ɗinki ya tsaya, kuɗin magani na ƙarewa. Maƙwabta da suka saba leƙowa su ce, "Sannu, ya jiki?" sun ɗauke ƙafa. Kullum dare yana lissafi: abin nan yana girma ne, ko yana nan yadda yake? In ya je asibiti yana tsoron ya kwaso korona, in ya zauna yana tsoron ƙarin. Gaba kura, baya sayaki.

Damuwar irin wannan mutum tana da saiwa uku, ya kamata kowane mai jinya ya san su.

Ta fari, ƙarin kansa. Ƙwaƙwalwa ita ce mazaunin tunani da hali. In ƙari ya fito ta wajen goshi, yakan sauya halin mutum. Mai haƙuri ya koma mai faɗa, mai kunya ya riƙa sakin baki, mai himma ya zauna shiru ba abin da ya dame shi. In ya taɓa wurin magana, wanda ga mafi yawan mutane a gefen hagu yake, sai mutum ya san abin da yake so ya faɗa amma kalmar ta ƙi fitowa. Wannan kaɗai ya isa ya sa babban mutum kuka. Jama'a, kada ku ce iskoki ne, ko sammu, ko kuwa ya raina ku ne. Cuta ce.

Ta biyu, magani. Akwai wani magani, sunansa deksametason, da akan ba su don rage kumburin ƙwaƙwalwa. Yana da amfani ƙwarai, amma yakan hana barci, ya kawo yawan ci da saurin fushi, ya kuma rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da cuta. Waɗansu magungunan farfaɗiya ma sukan sa zafin rai. In kun ga haka ku gaya wa likita, shi ne zai rage ko ya sauya. Kada ku tsai da maganin da kanku. Yanke shi farat ɗaya yana da haɗari.

Ta uku, tsoro da kaɗaici. Nan ne annoba ta fi yin ɓarna. Mu Hausawa mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ga fuskar likita a rufe da takunkumi, ga ta ma'aikaciyar jinya a rufe, an kuma hana 'yan dubiya shiga. Mara lafiyan da tunaninsa ya riga ya raunana ba ya gane wa ke murmushi, wa ke ɓata rai. Sai ruɗewa ta ƙaru.

Yanzu me za a yi? Ga abubuwa shida.

1. Ku tambaye shi. Ku ce, "Daga sifiri zuwa goma, ina damuwarka ta kai a makon nan?" Likitoci suna aiki da wannan ma'auni. In ya ce huɗu ko fiye, a sanar da likita. In ya fara magana ku saurara, kada ku tare shi da "yi haƙuri" tun bai gama ba.

2. Kada a yanke zumunci. An ce zumunta a ƙafa take, amma ran da aka hana ƙafa tafiya sai waya ta ɗauki aikinta. A sa lokaci guda kullum, kamar bayan la'asar, ɗa ko ƙane ya kira. Wanda ke kusa ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe shi, ya faɗi sunansa don a gane shi.

3. A tanadi magani kafin ya ƙare, musamman na farfaɗiya. A rubuta lambar wayar asibiti a ajiye, a rubuta tambayoyi a takarda kafin a kira.

4. A tsara masa yini. Lokacin tashi, da na abinci, da na ibada, da na barci kada su riƙa sauyawa. Ya sha hantsi a tsakar gida, a ba shi ɗan aikin da zai iya. A rage masa jin labarin mace-mace da jita-jita.

5. A san alamun da ba a jira da su. In ciwon kai ya tsananta da amai, ko barci ya yi nauyi har ba a iya tashe shi, ko farfaɗiya ta wuce minti biyar, ko wani gefen jiki ya mutu, a kai shi asibiti nan da nan, ko da an kulle gari. Haka kuma in ya ce ya gaji da duniya, ko yana so ya hallaka kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi likita a ranar. Ciwon baƙin ciki yana da magani.

6. A tuna da mai jinya. Yawanci mace ce, matar gida ko uwa ko 'ya, ga girki, ga reno, ga rashin barci. Ita ma ta kan shiga damuwa, wani lokaci har ta fi mara lafiyan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su karɓe ta ko da na yini guda ne, su kuma tambaye ta nata jikin.

Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Amma masu ƙari a ƙwaƙwalwa suna nan cikinmu, annoba kuwa ba ta sallama in za ta dawo. In akwai irin wannan mara lafiya a unguwarku, kada ku bari yau ta wuce ba ku gaishe shi ba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya lada. Ku huta lafiya.