Ƙofa Biyu: Najeriya Tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet

   

An ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda Amurka da Tarayyar Sobiyet suka tafiyar da hulɗarsu da sauran ƙasashe, tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 har rushewar Sobiyet a 1991, wato zamanin yaƙin cacar baka. Batun yana da faɗi, don haka zan tsaya inda ya taɓa mu.

Garinmu na Wurno ya saba da jakadun manyan ƙasashe tun kafin a haifi kakanninmu. A 1853 Heinrich Barth ya kawo wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba saƙon gwamnatin Ingila. A 1885 Joseph Thomson ya iso Wurno wurin Sarkin Musulmi Umaru da takardar yarjejeniya ta kamfanin Ingilishi da daga baya ya zama Royal Niger Company. Bayan 'yan watanni wani Bajamushe, Paul Staudinger, ya biyo sawunsa, kuma ya rubuta cewa a fada an gaya masa ba a sayar wa kowa da ƙasa ba, ciniki kuwa a buɗe yake ga duk wanda ya zo. Manomin albasa a fadamar Rima ya san bambancin ranar da dillali ɗaya ya zo da ranar da biyu suka zo suna kishin juna. Muddin Turawa na kishin juna, fada tana da bakin magana. Da Ingila da Faransa suka fara shata iyaka a tsakaninsu daga 1890, sai bakin ya rufe, a 1903 Sakkwato ta faɗa hannun Ingila.

Da wannan idon nake so mu dubi yaƙin cacar baka. Tutocin da aka ɗaga na aƙida ne, jari-hujja da gurguzu. Amma duk lokacin da abin ya iso ƙasarmu, lissafin riba da asara ne ke yin aiki, kuma Najeriya ta amfana ne a lokutan da ta yi cinikinta da bakinta.

Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta karɓi mulki a 1960 tana cewa ita 'yar ba-ruwanmu ce, amma kowa ya san inda ta jingina. Ta ƙayyade yawan ma'aikatan ofishin jakadancin Sobiyet a Legas. Firayim Minista ya ziyarci Shugaba Kennedy a Yulin 1961, kafin shekarar ta ƙare Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 225 don shirin raya ƙasa. Sardauna, ɗan Rabah, fuskarsa Makka da ƙasashen Musulmi take kallo, gurguzun da ke musun samuwar Allah kuwa ba shi da masauki a wurinsa. A Kano ma Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbo, a daidai lokacin da take tseren zuwa sararin samaniya da Sobiyet. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn yana kewaya duniya a cikin kumbonsa, da ya zo saitin Kano sai ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Suka amsa masa cewa ai iska ta yi mako tana kaɗawa da ƙarfi. Hazon hunturunmu ne ya hango daga can sama.

Duk da haka gwamnatin nan ba ta rasa ƙashin baya ba. Da Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya karo na uku a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, a Disambar 1960, Ɓalewa ya kori jakadanta a farkon Janairun 1961, ya hana jiragenta na sama da na ruwa sauka a Najeriya. Wanda ya san daga inda iskar hunturu ke tasowa ya san dalilin fushin. A Janairun 1962 kuma aka soke yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, bayan ɗalibai sun yi mata bore har a harabar majalisa a Legas.

Kafin in wuce, akwai waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba, kuma maƙwabtanmu ne, Hausa suke ji kamar mu. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar ta nemi a ce wa de Gaulle na Faransa a'a a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958. Ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, shugabanninta suka yi gudun hijira. An kwashi samarinta zuwa Gana da Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa, aka koya musu harbi da yaƙin sunƙuru. A ƙarshen daminar 1964 suka kutsa Nijar ƙungiya-ƙungiya, wasu ta kan iyakarmu ta Najeriya, suna zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Gwamnatin Diori Hamani, da Faransa a bayanta, ta murƙushe su cikin 'yan makonni. An harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, da yawa suka ƙare a kurkuku. Ƙasashen da suka ba su horo ba su yi asarar komai ba. Ina jin zafin wannan labari, domin yaran nan suna da koke na gaskiya a kan mulkin ƙasarsu, amma aka auna musu dabarar da aka ɗinka don wata ƙasa dabam.

Yanzu mu zo 1967, shekarar da ta tona asirin kowa. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli. Gwamnatin Yakubu Gowon ta nufi tsofaffin abokai tana neman makamai da kuɗinta. Amurka, wadda yaƙin Biyetnam ya sha wa kai, ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare ba, a ganinta Najeriya hurumin Birtaniya ce. Birtaniya ta yarda da bindigogi da harsasai da motoci masu sulke, amma ta hana jiragen yaƙi. Sai Gowon ya tura Anthony Enahoro Mosko. Abin da aka bayyana wa duniya shi ne an sa hannu a yarjejeniyar al'adu. Cikin watan Agusta sai ga manyan jiragen dakon kaya na Sobiyet suna sauka a filin jirgin sama na Kano, ana sauke jiragen yaƙi samfurin MiG a wargaje, ƙwararrun Rasha suna harhaɗa su. Garin da ya karɓi tashar kumbon Amurka a farkon shekarun 1960, shi ne ya karɓi jiragen Rasha kafin shekarun su ƙare. Matuƙa 'yan Masar ne suka fi tuƙa su a farko.

Ku dubi yadda aƙida ta watse a wannan yaƙi. Birtaniya mai jari-hujja da Sobiyet mai gurguzu suna ɓangare ɗaya. Faransa, ƙawar Birtaniya, tana tura wa Biyafara makamai ta Gabon da Kwaddibuwa, tana hangen man fetur, tana kuma son a rage girman Najeriya a tsakiyar ƙasashen da ta rena. Masana tarihi da dama na ganin de Gaulle bai manta da korar jakadansa ba. Sin mai gurguzu ta furta goyon bayan Biyafara, babban dalilinta kuwa Mosko na ɗaya ɓangaren. Gowon ba ɗan gurguzu ba ne, Kirista ne da ya yi horon soja a Sandhurst, Mosko ma ta san haka. Ta ga ƙofa ce a ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka, ta shiga. Shigarta kuwa ta sa Birtaniya ta ƙara sakin hannu, don gudun kada a ƙwace mata kasuwa.

Wajibi ne a faɗi sauran gaskiyar. Jiragen nan sun jefa bama-bamai a kasuwanni da garuruwan Gabas, fararen hula sun mutu. Yunwa ta kashe ɗimbin yara kafin a ajiye makamai a Janairun 1970. Ƙasa ta tsira a dunƙule, amma waɗanda suka sayar da makaman ga ɓangarorin biyu ba su binne ɗa ko ɗaya ba.

Wani lokaci kuma da Najeriya ta yi magana da bakinta shi ne rikicin Angola. Fotugal na shirin ficewa a Nuwambar 1975, ƙungiyoyi uku na faɗa a kan mulki: MPLA da Sobiyet da Kyuba ke taimaka wa, sai FNLA da UNITA da Amurka ke ba kuɗi ta ƙarƙashin ƙasa. Da farko Najeriya na neman a haɗa gwamnatin haɗin gwiwa. Abin da ya sauya lissafi shi ne shigar sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu cikin Angola. Ranar 25 ga Nuwamba gwamnatin Murtala Muhammad ta amince da MPLA, ta kuma ba ta dala miliyan 20. Shugaba Gerald Ford na Amurka ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da yake so su ɗauka. Legas ta miƙa wasiƙar ga jaridu, aka buga kowa ya karanta, abin da ba a saba gani ba a al'adar diflomasiyya. Ranar 11 ga Janairun 1976, a taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa, Murtala ya tsaya ya shaida wa duniya cewa Afirka ta kai munzali, ba ta karɓar umarni daga wata ƙasa komai ƙarfinta. Taron ya watse ƙasashe 22 nan, 22 can, amma cikin makonni kaɗan ƙungiyar ta karɓi gwamnatin MPLA. Ranar 13 ga Fabrairu aka kashe Murtala. Da Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka, ya shirya rangadin Afirka a watan Afrilu, Najeriya ta ƙi karɓarsa.

Muna son wannan labari, kuma ya cancanci so. Sai dai a tambayi abin da ya ba Murtala wannan baki. Jarumtaka na ciki, babu shakka. Amma a lokacin Najeriya na cikin sahun gaba na masu sayar wa Amurka ɗanyen mai, baitulmali cike yake bayan tashin farashin 1973, ba ta zuwa roƙo ƙofar kowa. Shi ya sa maimakon hukunci sai lallashi ya biyo baya: Obasanjo, wanda ya gaji Murtala, ya je Washinton a 1977, Shugaba Jimmy Carter ya zo Legas a 1978. A wannan tafarki aka ci gaba har wariya ta faɗi, kuma abin alfaharin garin nan ne cewa marigayi Sarkin Sudan na Wurno, Alhaji Shehu Malami, ya wakilci Najeriya a matsayin jakada a sabuwar Afirka ta Kudu.

To, me Mosko ta samu, me muka samu daga gare ta? Ita dai ba ta samu abin da ta yi fata ba. Hafsoshinmu sun ci gaba da zuwa horo Ingila da Amurka, manmu ya ci gaba da tafiya Yamma. Mu kuwa mun samu guraben karatu, likitoci da injiniyoyi da yawa sun dawo daga jami'o'in Sobiyet suna jin Rashanci, motocin Lada sun shigo titunanmu. Babban abin shi ne Ajakuta. Tun zamanin Ɓalewa ake son masana'antar ƙarfe, ƙasashen Yamma suna jan ƙafa. Rashawa suka yi binciken ma'adinai a shekarun 1970, aka ba kamfaninsu Tyazhpromexport kwangila a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980. An gina tanderu da tashar wutar lantarki da gidajen ma'aikata a bakin Kwara. Sai farashin mai ya faɗi, biyan 'yan kwangila ya riƙa tsayawa, layin dogon da zai kawo tama daga Itakpe ya yi jinkiri, gwamnatoci suka yi ta sauyawa kowace da nata lissafi. A nan ba zan ɗora laifin duka a kan baƙo ba, domin kaso mafi girma namu ne. A Disambar 1991 ƙasar da ta zana masana'antar ta rushe, ƙwararrunta suka tattara suka koma gida cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, babban tanderun Ajakuta kuwa har yau ba a taɓa hura masa wuta ba.