WANKAN KAREN GONA: ABIN DA MANOMI ZAI LURA DA SHI

Yau maganarmu a kan kare ce. Na san wani zai ce, malam, duk dabbobin gida ba a ga na zance ba sai kare? To, a yi haƙuri a saurara. Karen da ya ke kwana a bakin garke yana korar ɓarawo, ko wanda ya ke hana biri shiga masara, ko na farauta, ma'aikaci ne a gidanka. Malamai kuma sun yarda da ajiye kare don gadin dabbobi da gona da farauta. Tun da ka ajiye shi, lafiyarsa tana wuyanka. In ka bar shi da kaska da ƙuma da ƙazwa, ba shi kaɗai zai sha wahala ba, har da yaranka da su ke wasa a inda ya ke kwanciya.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da ka wanke karenka, ran nan za ka ga abin da gashi ya rufe. Amma dole ka san halin kare a lokacin wanka da bayansa, don ka rarrabe abin da ya ke na al'ada da wanda ya ke alamar ciwo.

YADDA KARE YA KE YI LOKACIN WANKA

Yawancin karnukanmu ba su son wanka. Da ya ga bokiti sai ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, ya yi ta hamma yana lasar baki, jikinsa na rawa. Wannan duk tsoro ne. Kare ya kan faɗa rafi da kansa ya yi iyo, amma a ɗaure shi a sheƙa masa ruwa a ka, wannan dabam ne a wurinsa.

In ya tsaya ƙiƙam, ya sandare, ya fara gurnani yana yaye leɓe, to gargaɗi ya ke yi maka. Ka dakata. Kada ka doke shi, don duka ba ya ƙara masa kome sai tsoro, kuma tsoro ne ya ke sa kare cizo. In ka san naka mafaɗaci ne, ka ɗaure masa baki da tsumma mai laushi na ɗan lokacin wankan kaɗai, ka kwance da an gama, domin kare da baki ya ke haki ya fitar da zafin jikinsa.

Akwai wata magana da a ke yi, wai karen da ya ƙi ruwa mahaukaci ne. Ba haka ba ne. Tsoron ruwa a jikin mutumin da ciwon haukan kare ya kama a ke ganinsa. Shi mahaukacin kare alamunsa su ne: halinsa ya sake farat ɗaya, muryarsa ta canja, ya riƙa cizon itace da dutse da duk abin da ya tarar, ko kuma muƙamuƙinsa ya saki yana dalala, ya kasa haɗiya. Irin wannan ba a yi masa wanka, ba a sa masa hannu a baki wai don a cire ƙashi. A kulle shi, a kira malamin dabbobi.

YADDA ZA A YI WANKAN

1. A zaɓi hantsi, rana ta ɗaga. Da hunturu kada a yi da sassafe ko da yamma.
2. Ruwa ya zama mai ɗumi kaɗan. Jikin kare ya fi namu zafi, ya kan kai digiri 38 zuwa 39, saboda haka ruwan randa mai sanyi yana firgita shi.
3. Wanda karen ya saba da shi, shi zai riƙe shi. Ban da ƙananan yara.
4. A fara daga ƙafafu, a hau baya, a bar wuya da kai sai ƙarshe. Da ruwa ya taɓa ƙeyarsa zai fara girgiza.
5. Kada ruwa ya shiga kunne, yana kawo ruɓar kunne. Fuska kuwa a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.
6. A yi amfani da sabulu mai sauƙi, ban da garin sabulun wanki. A ɗauraye sosai, don ragowar kumfa tana sa ƙaiƙayi.
7. Bokiti da soson kare su zama nasa shi kaɗai.

Kana cuɗawa kana dubawa: cikin kunne, tsakanin yatsu, hammata, gindin bindi. Nan kaska ta ke maƙalewa. Ka kama ta dab da fata ka ja a hankali, ka jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir. Kada ka murtsuke ta da yatsa. Ka ɗaga leɓensa kuma ka dubi dasashi. In ya yi fari fat, ga fitsari ya yi duhu, ga kasala, ana zaton zazzaɓin kaska ne, sai asibitin dabbobi.

Sau ɗaya a wata ya isa, sai in likita ya ce a ƙara saboda ƙazwa. Yawan wanka yana wanke maiƙon fata. Ɗan kwikwiyon da bai kai wata 2 ba a goge shi da tsumma kawai.

BAYAN WANKA

Da ka sake shi, abu na fari zai girgiza tun daga kai har bindi. Ka ja da baya ka bar shi. Masu bincike a Amurka sun auna a 2012 ba su bar shakka ba: cikin daƙiƙa 4 kare ya kan kakkaɓe wajen kashi 70 cikin 100 na ruwan da ke jikinsa. Ba tsumman da zai yi maka wannan aiki.

Abu na biyu, zai ɗiba a guje, ya kewaye gida, ya dawo, ya sake zabura, yana goga fuska da kunne a ƙasa. Yara su yi ta ihu wai kare ya haukace. Lafiyarsa lau. Tsoron da ya ƙunsa ne ya ke saukewa, yana kuma ɗumama jiki. Ba a jimawa zai kwanta yana haki, in ka kira shi ya zo yana kaɗa bindi.

Abu na uku shi ne mai ɓata wa mai kare rai. Ka gama wahala, sai ka gan shi a juji yana birgima cikin kashin shanu ko mushe. Ƙanshin sabulu da ya yi maka daɗi, shi damunsa ya ke yi, yana neman warin da ya saba da shi. Amma akwai hatsari a nan. Akwai wani ƙuda da ya ke yin ƙwai a ƙasa mai inuwa wadda fitsari ko kashi ya ɓata. In kare ya kwanta a wurin, tsutsar ta huda fatarsa ta zauna, sai ka ga ƙuraje kamar maruru, kowane da 'yar ƙofa a tsakiya. Maganin abin, ka ɗaure shi a kan busasshen buhu ko tsohuwar tabarma, inda iska ke kaɗawa, har ya bushe sarai. Ka ba shi ruwan sha da ɗan abinci a wurin, don ya riƙa haɗa wanka da alheri.

MAGANIN KASKA BA ABIN WASA BA NE

A nan ne a ke yin asara. Wani ya ɗebo ragowar maganin feshin wake ko na auduga ya dama ya wanke kare da shi. Wani baƙin mai ya ke shafa wa ƙazwa. Jama'a, a bar wannan. Guba ce, tana ratsa fata, karen kuma yana lasar jikinsa. Ko maganin wankan shanu ma, kada a sa wa kare sai malamin dabbobi ya ce ya dace, ya kuma faɗi awon ruwan da za a gauraya. Mai wankan ya sa safar hannu ta roba. Maganin kare kada ya taɓa kyanwa, akwai wanda ya ke kashe ta.

Ga yadda za ka gane guba ta kama shi. Maimakon gudu da birgima, sai ka ga yana dalala, yana amai ko zawo, naman jikinsa na karkarwa ba tsayawa, yana tangaɗi, ko ya kwanta ya kasa tashi. Nan da nan a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi tare da kwalbar maganin. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Ruwan wankan kuwa, a haƙa rami nesa da rijiya a zuba, a rufe. Kada a yi wankan magani a bakin rafi ko kududdufi, yana kashe kifi, dabbobi kuma nan su ke sha.

Ku sani kuma kaskar kare a tsagar bango da ƙasan makwancinsa ta ke zuba ƙwai, guda ɗaya ta kan zuba dubbai. In ka wanke kare ka mayar da shi tsohon makwanci, aikin banza ka yi. A share wurin, a ƙone tsummokaran, a yaɓe tsagar bango.

IN YA CIJE KA

Ko karenka ne, ko da ɗan ƙwarzane ne, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, ka tafi asibiti a ran nan. Karen kuma a kulle shi a sa masa ido kwana 10. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi, amma allura tana tare shi in an yi da wuri. Wanka ba ya hana wannan ciwo, sai allurar rigakafi. A yi wa kare ita yana ɗan wata 3, a riƙa sakewa kowace shekara, a adana takardar shaida. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wannan allura. Kowace 28 ga Satumba kuma rana ce ta faɗakarwa a kan wannan ciwo a duniya, a kasa kunne ko za a ji sanarwar allura a yankinku.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi mafi kusa da shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, ya sa mu ga damina mai albarka. Wassalam.