Tsohuwar Libarba a Hannun Maƙeri



Maƙeran ƙasar Birnin Gwari sun daɗe suna gyara wa maharban dajin Kamuku bindigoginsu na adaka, masu ɗuri ta baki, domin a maƙera aka haife su. Amma tsohuwar libarba, irin wadda hafsoshin Ingila suka rataya a zamanin mulkin mallaka, sha'aninta dabam ne. Tana da ganga mai juyawa mai ɗaki shida, kuma wajibi ne kowane ɗaki ya tsaya daidai da bututu. In ya kauce, mai harbi na iya jikkata.

Webley ta 1915 harsashi .455 take ci, Enfield ta 1932 kuwa .38. Sun yi kama, amma kama da wane ba ta wane: ƙarfen wannan ba ya zama a jikin waccan. A Amurka an sake wa Webley da yawa fasali don su ci harsashi mafi ƙarfi, sai wasu suka fashe.

Ga kuma Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta hana mallakar libarba ko gyaranta ba da izinin hukuma ba. Saboda haka wanda ya gaji irinta, ya miƙa ta ga 'yan sanda.