Ina Ɗalibinmu Zai Nemo Abin da Aka Riga Aka Bincika?



A bara wani tsohon ɗalibina da ke karatun kimiyyar sinadarai ya same ni yana cikin damuwa. An ba shi aikin kammala digiri a kan gubar ƙarfe a ruwan noman rani, ya ce ya rasa inda zai karanta. Na yi mamaki, domin masana sun daɗe suna rubutu a kan ruwan Jakara da na Getsi, mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai zuwa madatsar Wasai ta maƙwabciyarmu Minjibir. Rubutun na nan, ƙofarsa ce ba a nuna masa ba.

Ƙofar farko ita ce ɗakin karatu na Jami'ar Bayero da na Kashim Ibrahim a Zariya. Ɗalibi ya je wajen ma'aikacin ɗakin ya nemi a buɗe masa Research4Life, shirin da ya faro da HINARI a 2002, wanda ke bai wa jami'o'in ƙasashe masu tasowa mujallun kimiyya kyauta ko a kan farashi kaɗan. Ta biyu ita ce AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka kafa a 1998, inda zai tarar da ChemSearch Journal ta reshen Kano na ƙungiyar masana sinadarai ta Najeriya. Ta uku PubChem, wadda aka buɗe a Amurka a 2004, mai bayyana siffar sinadari da illarsa ba tare da biyan ko kwabo ba. Mai karatun kimiyyar binciken laifuka kuwa ya haɗa da PubMed, domin a nan ake samun binciken guba da na ƙwayoyin gado.

Kada mu ɗauki wannan wasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, kuma gwajin jini da na ƙasa ne ya tona asirinta. Mu ma manoma ne, kullum hannunmu cikin taki da maganin feshi.

Roƙona gare ku shi ne, ƙungiya ta ware wani abu don sayen data ga ɗalibanmu na ajin ƙarshe, malamanmu na jami'a kuma su ba su yini guda a hutun sallah su koya musu nema. Da haka za mu samu ɗan Gezawa mai gwada ruwan rijiyar gidansu.

Allah ya taimake mu, amin.