Hayek Da Gardamar Wa Zai Yanke Farashi



An nemi in yi magana a kan wani masanin tattalin arziki wanda ya sha yabo ya kuma sha zagi, watau Friedrich Hayek. An haife shi ran 8 ga Mayu, 1899, a Biyana, babban birnin daular Ostiriya da Hangari. Yana saurayi aka yi Yaƙin Duniya na Farko, aka kai shi fagen fama a Italiya cikin rundunar igwa. Da ya komo gida ya tarar daular ta wargaje. A 1921 da 1922 gwamnati ta yi ta buga kuɗi ba lissafi, har abin da mutane suka tara shekara da shekaru ya narke a hannunsu. Wannan abu bai taɓa fita daga ransa ba.

Da fari zuciyarsa ta karkata ga gurguzu, kamar yawancin samarin jami'a na lokacin. Littafin da Ludwig von Mises ya fitar a 1922 shi ya juya masa tunani. A 1931 aka gayyace shi koyarwa a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, nan ya shiga gardama da Keynes, wanda ke ganin wajibi ne gwamnati ta kashe kuɗi in kasuwa ta mutu, don mutane su sami aiki. A zamanin nan Keynes ne ya yi rinjaye. Amma gardamar ba ta zama gaba ba. Da aka kwashe makarantar zuwa Kambirij saboda yaƙi, Keynes ɗin ne ya samo masa masauki.

To, mene ne jigon ra'ayin Hayek? Ina roƙon ku ku kasa kunne a nan, domin shi ne mafi nauyi cikin abin da ya bari. Cikin wata maƙala ta 1945 ya nuna cewa sanin da ake bukata don tafiyar da arzikin ƙasa ba a tare yake wuri guda ba. A warwatse yake cikin kawunan mutane: manomi ya san gonarsa, fatake sun san hanya, maƙeri ya san abin da ake nema a garinsu. Babu ofishin da zai iya tattara wannan sani, kome yawan akawunansa, kuma kafin a tattara ma ya sake. Ya buga misali da kuza, irin wadda ake haƙa a Jos a lokacin. A ce kuza ta yi ƙaranci, ko don wata mahaƙa ta tsaya, ko don an sami sabon amfani da ita. Masu aiki da ita a duniya ba sa bukatar sanin dalili. Farashi ya hau, sai kowa ya tsimi wadda ke hannunsa, wani ya nemi madadinta, wani ya ƙara haƙa, ba tare da kowa ya ba da umurni ba. Watau farashi ɗan aike ne. In hukuma ta ƙayyade shi da doka, ta toshe bakin ɗan aiken, kayan kuwa sai su ɓace daga kanti su ɓulla a bayan fage.

Littafin da ya fitar da sunansa shi ne na 1944, wanda za mu iya kira Hanyar Bauta. Ya ce in gwamnati ta ɗauki nauyin tsara kome, tilas ta zaɓi bukatar wa za a gabatar. Majalisa ba za ta taɓa daidaitawa a kan haka ba, sai a miƙa ikon ga ma'aikata, daga nan jama'a su gaji su nemi mai ƙarfi wanda zai yanke magana. Kuma inda gwamnati kaɗai ke ba da aiki, wanda ya saɓa mata ina zai ci abinci?

A nan ina da ja. Ingila ta zaɓi jam'iyyar Leba a 1945, aka mai da kwal da jirgin ƙasa hannun gwamnati, aka kafa asibitin kyauta a 1948, amma a 1951 masu zaɓe suka sauke gwamnatin cikin lumana. Ba a ga bautar ba. Shi kansa Hayek ya yarda a ba gajiyayyu abin da zai riƙe su, kuma Keynes, bayan ya yaba littafin, ya nuna masa cewa bai faɗi inda iyakar take ba. Har yau magoya bayansa ba su daidaita a kan wannan iyaka ba.

A 1947 ya tara masu ra'ayi irin nasa a Mont Pelerin ta ƙasar Siwizalan, suka kafa ƙungiya. Ya koma Cikago a 1950, sa'an nan Freiburg ta Jamus a 1962. Abin mamaki, mutumin da ake kira ɗan mazan jiya ya rufe littafinsa na 1960 da bayanin dalilin da ya sa bai karɓi wannan suna ba. Shekaru da yawa aka yi kamar an manta da shi, sai a 1974 ya sami lambar Nobel tare da Gunnar Myrdal, ɗan Suwidin, wanda ra'ayinsu ya yi hannun riga. Uwargida Thatcher, wadda ta hau mulkin Ingila a 1979, ta ɗauke shi malami.

Akwai tabon da ba zan ɓoye muku ba. Ya ziyarci ƙasar Cile a 1977 da 1981, zamanin mulkin soja na Janar Pinochet, ya kuma nuna cewa mai mulkin kama-karya da ya sakar wa kasuwa mara ya fi masa dimokuraɗiyyar da ba ta da linzami. A lokacin nan kuwa ana tsare mutane ana azabta su a ƙasar. Mutumin da ya rubuta Hanyar Bauta bai kamata ya kau da kai daga wannan ba.

Ya rayu har ya ga faɗuwar bangon Balin a 1989 da rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Ya rasu a Freiburg ran 23 ga Maris, 1992, yana da shekara 92.